Jan Fenti a Gonar Gawo

'Yata Hadiza ce ta sa na zauna rubuta wannan babi, ko da yake ita ba ta sani ba. Ta dawo daga biki a Gumel fuska a murtuke, ta ajiye gyale, ta ce wai wata tsohuwa ta riƙe hannunta a gaban mata ta ce, “Au, ke ce jikar mutumin nan da ya yi fushi da ɗansa ya sare itatuwan gonarsa?” Na ce mata ta share, tsofaffi ba sa rasa abin faɗa. Amma ni ban share ba. Abin ya tsaya mini a rai, domin na gane cewa in na yi shiru abin da za ku gada game da kakanku ke nan, alhali ba haka aka yi ba. Kakanku Malam Iro ya sare itatuwansa, wannan gaskiya ne. Fushi kuwa babu shi a ciki ko kaɗan. Zan faɗi yadda aka yi, wanda ya ga na yi tsawo ya yi haƙuri, ɗan fansho ba shi da abin da ya fi lokaci yawa.

Ni ne ɗan farinsa. Ku 'yan yanzu da kuke zama kan tabarma ɗaya da ni kuna ƙwace mini rediyo ba za ku gane nauyin wannan magana ba. A ƙauyenmu, can arewa da Sule Tankarkar, uba yana jin kunyar ɗan fari, kuma kakanku ya fi kowa tsananta abin. Bai taɓa kiran sunana ba. “Yaron nan” nake, ko “wancan”. In na shigo zaure yana ciki zan durƙusa in gaishe shi, ya amsa yana kallon bango, sai kuma ya tuna yana da wani aiki a waje. Inna ma haka, in ta zuba mini tuwo sai ta ce wa ƙanwata, “Kai wa mutanen can.” Da aka yaye ni aka ba yayar Baba, Goggo Indo, ta tafi da ni gidan mijinta a Gagarawa. A can na yi wayo, a can na yi firamare, ban dawo ƙauye da zama ba sai da mijinta ya rasu muka dawo tare, na fara zama saurayi. Tun daga nan duk maganar da za ta shiga tsakanina da Baba sai ta bi ta bakin Goggo. Ina son takalmi, Goggo. Baba yana so in kai taki gona, Goggo. Kada ku ɗauka ƙiyayya ce. Na sha kama shi yana bi na da ido ta gefe, in na juyo ya sunkuyar da kai yana gyaran ƙotar fartanyar da babu abin da ya same ta.

Gona ɗaya gare shi, gabas da gari, kowa yana ce mata gonar gawo. Na san da can yana da wata ta gado a arewa wadda aka haɗa cikin gandun daji ina ƙarami, amma ba a maganarta a gidan, ni ma ban taɓa tambaya ba. Gonar gawo kuwa da hannunsa ya yi ta. Ya karɓe ta rairayi zalla. Ya riƙa roƙon Fulani su kwana da shanu a cikinta da rani, domin 'ya'yan gawo sai sun bi ta cikin dabba suke tsirowa da kyau. In an zo sharar gona kowa yana bin duk wani tsiro da gatari, shi kuwa sai ya tsuguna ya duba, in gawo ne ya bar shi. Aka yi ta masa dariya wai yana renon daji a gona. Kafin in zama mutum dariyar ta ƙare. Gawo itace ne mai bauɗaɗɗen hali. Da damina, lokacin da kowane itace yake ado, shi zubar da ganye yake yi ya tsaya tsirara, gero ya samu rana da taki a gindinsa. Da rani kuwa, duniya ta bushe, sai ya yi kore shar ya zubo wa dabbobi 'ya'ya. Geron da ke ƙarƙashinsu yakan fi na fili tsawo da nauyin zangarniya, har daga kan hanya ana gani.

Saboda gonar nan na zaɓi karatun gandun daji da na gama sakandare. A wurinmu malamin daji ba abin so ba ne, mutum ne mai kaki da keke wanda yake ɓullowa daga bayan sabara ya ƙwace maka gatari. Baffa Hudu, ƙanin Baba, da ya ji labari sai ya riƙe haɓa.

“Duk aikin duniya ka rasa sai wanda za ka zo kana kama mu a kan itacen girki? To, ni dai ka fara da wani, na riga na roƙa.”

Goggo ta kai wa Baba maganar, ta dawo da amsa a taƙaice.

“Ya ce ka tafi. Ya ce in sun san wani abu game da itace wanda bai sani ba, ka koyo.”

Kwalejin tana can kudu da mu, ƙasar duwatsu da ruwan sama, inda itace yake fitowa ko ba a roƙe shi ba. Shekara biyu ake yi a fito ma'aikacin fili, ba mai zaman ofis ba. An koya mana cika leda da ƙasa da taki mu reni dashe, an koya mana awon fili da sarƙa da kamfas mai nuna gabas da yamma, da share hanyar tare gobara, da yadda ake jera itatuwa su zama katanga a gaban iska. An sa mun haddace sunayen itatuwa na Latin har na iya kiran gawo da sunan da shi kansa gawon bai san da shi ba. Na so karatun nan, ba na ɓoyewa. Na kuma yi ɗan girman kai irin na mai sabon takalmi. In na zo hutu har tafiyata takan canja, Goggo ta ce ko ƙaya ce ta soke ni.

A shekara ta biyu, da rani ya kama, malaminmu na awon itatuwa, Malam Yakubu, mutum mai sanyin hali da ba ya ɗaga murya, ya ce za a kai ajinmu arewa mu ga yadda itace yake zama cikin gona a ƙasar da ruwa ya yi ƙaranci. Ya tambaya ko akwai wanda ya san gonar da ta isa a yi darasi a cikinta. Bai rufe baki ba hannuna yana sama. Na so su ga abin da ubana ya yi. Na so shi ma, ko daga nesa ne, ya ga malamai masu digiri sun tsaya a gonarsa suna jinjina kai. Tunda ba ni da bakin da zan yaba masa, sai na ga ta nan zan faɗa. Aka ba ni izini na riga su zuwa, na sami Goggo tana ɓarar gyaɗa a ƙofar ɗakinta.

“Goggo, ki gaya wa Baba 'yan ajinmu za su zo gonar gawo da malaminmu. Aunawa kawai za mu yi, kauri da tsawo. Karatu ne, ba za a taɓa ko reshe ba.”

“Aunawa? Riga za ku ɗinka musu?”

“Ke dai ki gaya masa.”

Ta gaya masa yadda na faɗa, na tabbata, domin Goggo ba ta ƙari ba ta ragi. Washegari dai aka ga ya fita da tsintsiya ya share gindin itatuwan ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka kama ɗan akuya aka yanka, Inna ta dama fura a babbar ƙwarya.

Ranar da motar kwaleji ta tsaya a bakin gonar rabin gari ya biyo mu kallo. Yadda ake aikin shi ne a kasu rukuni-rukuni. Ɗaya ya zagaya itace da tef ɗin awo daidai ƙirji, ɗaya ya ja da baya ya leƙa ta wani ɗan ƙarfe ya faɗi tsawo, ɗaya ya rubuta, na ƙarshe kuma ya bi da gwangwanin jan fenti ya shafa lamba a jikin itacen don kada a auna shi sau biyu. Iyakar amfanin fentin ke nan. Mai araha ne, damina biyu ta wanke shi. Mun yi haka a dajin kwaleji ba iyaka, har ya zame mana kamar wanke hannu kafin cin tuwo, ba ya cikin abubuwan da ake faɗa. Shi ya sa bai shiga saƙon Goggo ba. A rukuninmu ni na karɓi buroshin, don rubutuna ya fi kyau, kuma na so lambobin gonar ubana su fita tsaf.

Baba bai matso ba. Yana can kan iyaka ya tsaya, hannu a baya, kamar wanda ya zo wucewa. Baffa Hudu ne ya ƙaraso ya tsaya kusa da wani ɗan ajinmu, Bala, ɗan birni mai bakin barkwanci, ya tambaye shi jan abin nan fa na mene ne. Ni ina can wani itacen ban ji ba, sai daga baya aka ba ni labari. Bala ya ce masa,

“Baba, ai yau itatuwan nan sun zama ma'aikatan gwamnati. Ba ka ga an ba kowa lambarsa ba? Saura kaki.”

'Yan aji suka yi dariya. Baffa Hudu bai yi ba. Ya koma wajen yayansa suka ɗan tsaya, da na ɗago kai sai na hango bayan Baba ya nufi gari. Da aka gama Malam Yakubu ya neme shi zai yi masa godiya, ya ce bai taɓa ganin gona irinta ba. Na ce masa kunya ce, ni ɗan fari ne, ba zai tsaya a yabe shi a gabana ba. Aka ci nama aka sha fura, kafin la'asar mun kama hanyar Maigatari, daga can muka juya kudu. Na tafi zuciyata fes, ina ganin na yi wa ubana kyautar da ta fi riga.

Abin da ya biyo baya Goggo ce ta ba ni shi, ta kuma maimaita mini shi sau da yawa kafin ta rasu, bai taɓa canjawa ba. Da yammacin ranar Baba ya zo ɗakinta ya zauna a bakin ƙofa.

“Yaya, yaron nan ya yi miki maganar fenti?”

“Bai yi ba. Aunawa ya ce.”

“Wancan karon ma aunawa suka ce.”

Wancan karon shi ne gonar arewa. Abin da ban sani ba, saboda ina Gagarawa ina tatata a lokacin, shi ne yadda aka yi ta tafi. Wasu masu kaki ne suka zo da mota, suka auna, suka bi itatuwan da jan fenti, suka sha ruwa suka tafi da fara'a. Da shekara ta zagayo aka zo aka kafa turakan siminti, aka ce daga nan zuwa can gandu ne, ba noma ba sara. Gonar maƙwabcinsa da ba ta da itace ko ɗaya ba a waiwaye ta ba, har yau jikokin mutumin ke noma ta. Abin da kakanku ya fahimta, shi da duk tsaransa, shi ne gandu itace yake bi, gona fetal babu mai sonta. Ya sake renon itace a gonar gabas ne don rairayi ba ya ba da gero sai da su, yana fatan tunda tana tsakiyar gonaki ba za a kula ba. Kada ɗayanku ya yi masa dariya. Abin da ya gani da idonsa ke nan, kuma a wancan karon bai yi kuskure ba.

Goggo ta ce a aika a tambaye ni. Lokacin babu wayar hannu, amma akwai direbobin Gumel masu zuwa kudu, kwana kaɗan saƙo zai same ni. Baba ya hana.

“Ki aika ki ce me? Shi ya sa kansa? Manyansa suka sa shi, yaro ne, takardarsa yake nema. In kika tambaye shi, ko dai ya ɓoye mana ko ya saɓa musu su kore shi. Jarrabawa ke gabansa, kada wanda ya tayar masa da hankali. Ni na san abin da zan yi.”

Ku tsaya a kan wannan magana, domin saboda ita nake rubutun nan. A ganinsa ɗansa ne da hannunsa ya shafa wa gonarsa alamar ƙwace, yana sane. Bai zage ni ba, bai ce a kira ni ba. A cikin makon ma ya ba direba ƙullin ƙuli-ƙuli da garin kuka da yaji a kawo mini, na ci da abokaina muna santi. Ƙannena suna nan reras, gonar nan kaɗai ke ciyar da su. Ya duba itatuwa ya duba ƙasa, ya zaɓi ƙasa, ya wasa gatari. Malamin dajin yankinmu, wanda da ya leƙo da ya tsayar da su ko da da faɗa ne, an yi masa canjin wuri ba a turo wani ba tukuna. Baba da Baffa Hudu da wasu majiya ƙarfi suka shiga gonar, suka ce za su bi masu lamba, kuma duk masu lamba ne. Gawo ba ya faɗuwa da sauƙi, sun ci rani suna yi. Goggo ta ce babban cikinsu, wanda ya fara reno, bai bar kowa ya sa masa hannu ba, shi kaɗai ya sare shi. Da ya faɗi ya dawo gida ya kwanta ya juya wa ƙofa baya, ranar bai ci tuwo ba. Itacen ma bai sayar ba, ya ce duk mai so ya ɗiba, mata suka yi ta jida.

Na gama jarrabawa a bazara, na ci da kyau. Na sauka a tashar Gumel, na hau motar Sule Tankarkar, na ƙarasa a bayan keken wani ɗan garinmu wanda na lura ba ya son hira. Hanyar ta gefen gonar take bi. Tun daga nesa na ji wani abu bai yi daidai ba, sama ta yi faɗi da yawa. Na ce ya tsaya. Na sauka na shiga gonar ubana ina tafiya cikin rana tsakanin kututturai, rairayi yana ƙona ni ta cikin takalmi. A jikin wani guntun icce da aka bari na ga lamba da rubutun hannuna. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro, mai keken ya juya baya yana jira.

A ɗakin Goggo na ji dalili. Tana kaiwa kan maganar gandu na miƙe tsaye.

“Goggo, ai na ƙidaya ne! Don kada mu maimaita ne kawai! Babu wani gandu, babu wanda ya aiko mu, ni na roƙa a zo!”

Ta rufe mini baki da tafin hannunta, ta leƙa tsakar gida, ta saki asabari. Ta juyo gare ni hawaye yana bin fuskarta.

“Ado, ka ji ni da kyau. Maganar nan ta tsaya a ɗakin nan. Mutumin nan yana tafiya da ƙafarsa ne yanzu saboda yana ganin ya ceci gonarsa. In ka ce masa a banza ya yi, me ka bar masa? Itacen dai ba zai tashi ya tsaya ba.”

“To in bar shi yana ganin na ci amanarsa?”

“Ya riga ya yafe maka. Kai yaro ne, za ka iya ɗauka. Shi ba zai iya ba.”

Na bi maganarta na kama bakina. Ban taɓa shan wuya irin ta makonnin nan ba. In na zo majalisa hira ta mutu. Baffa Hudu yana amsa gaisuwata da hanci. Wanda duk ya ce mini “malamin daji” sai ya ja kalmar yadda zan ji ta. Wannan duk da sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Baba bai canja mini ko kaɗan ba. Ranar kasuwar Maigatari ma ya dawo da sabuwar hula, Goggo ta kawo mini ba ta iya kallona, ta ce ya ce Allah Ya sa albarka a takardar. Na karɓa na sa a ƙarƙashin matashi, na kasa ɗora ta a kaina.

Kullum da safe nakan zaga gonar ni kaɗai. Tsofaffin kututturai sun mutu murus, amma matasan saiwarsu tana da rai, sun fara toho, 'yan rassa masu taushi suna leƙowa ta gefen sara. Abin da aka koya mana ke nan a kwaleji, saiwar da ta shekara ashirin tana neman ruwa a ƙarƙashin ƙasa ba ta ɓaci ba, tohonta yana tashi da saurin da dashe ba zai taɓa yi ba, muddin wuta ba ta taɓa shi ba. Da wannan nake rarrashin kaina. Sai lokacin sharar gona ya zo. Wata safiya ƙanwata ta ce mini Baba ya fita da ashana, ya sa an kai masa kara gona, wai zai ƙone kututturan kada su sake tashi su janyo mana masu kaki. Na miƙe. Goggo ta riƙe mini gefen riga.

“Ado, don Allah.”

“Goggo, in ya ƙone su shi ke nan.”

“Itace ne. Shi kuwa ubanka ne.”

Na zare rigata daga hannunta a hankali na fita. Na same shi ya tula kara a kan kututturai da dama, ɗaya har ya fara hayaƙi. Na durƙusa ɗan nesa da shi. Tun da aka haife ni ban taɓa gaya masa maganar da ta wuce gaisuwa ba.

“Baba, ka yi haƙuri, zan yi magana.”

Bai juyo ba, amma hannunsa ya tsaya.

“Fentin nan ba na gandu ba ne. Alamar ɗalibai ce, don kada mu auna itace sau biyu. Ba wanda ya aiko mu, ba wanda zai zo. Ni na roƙi malaminmu ya kawo su don su ga aikinka. In ka ƙone waɗannan sun tafi ke nan. In ka bar su za su tashi.”

Ba ka jin komai sai ƙarar kara yana ci. Can ya yi magana, fuskarsa tana wajen kututturen.

“Ba wanda zai zo?”

“Babu, Baba.”

“Ko da na bar su a tsaye?”

Na sunkuyar da kai, wannan ya ishe shi amsa. Ya yi salati a hankali, ya maimaita. Ya saki ashanar ta faɗi. Ya sa ƙafa ya watsar da karan da ke ci, ya durƙusa yana ɗibar rairayi da hannu biyu yana zubawa har hayaƙin ya mutu. Daga nan ya ɗaga kai ya bi gonar da kallo daga wannan iyaka zuwa waccan, ya daɗe yana kallo. Ya ce a je gida, rana ta yi. Na tafi na bar shi a durƙushe.

Goggo ta yi gaskiya, ba zan rage mata ba. Daga ranar kakanku ya karye. Daminar ta zo da iska, rairayi ya binne shuka sai da aka sake, geron ya fito a tsamure. Ya daina zama majalisa, ya rage cin abinci, rigunansa suka yi masa yawa. Baffa Hudu ya zo har ɗakina ya nemi gafara yana kuka kamar yaro. Muka haɗu mu uku, ni da shi da Goggo, muka ce ba za a faɗi dalili a gari ba. Da mutane suka fara cewa fushi ya yi da ni, mu muka bar maganar ta yaɗu, gara a ce ya yi fushi da a mayar da shi abin dariya a bakin kasuwa. Asalin maganar da Hadiza ta jiyo ke nan. Yanzu duk waɗanda za su yi masa dariyar sun bi shi, shi ya sa na buɗe baki. Goggo ta yi wata biyu ba ta yi mini magana ba, kuma har ta koma ga Allah tana cewa da na bar shi ya ƙone abinsa. Na yi aikin daji har na yi ritaya, na reni dashen da ban san iyakarsa ba, amma in na ce muku na san wanda ya fi gaskiya tsakanina da ita na yi ƙarya. Na dai san ina kewarsa, mutumin da duk maganar da muka yi da juna a duniya ba za ta cika hira ɗaya ba.

Bai ga daminar gaba ba. Ganina da shi na ƙarshe a gona bayan kaka ne, lokacin da ake sakin dabbobi su shiga gonaki. An tura ni lambun renon dashe kusa da Maigatari, na zo gida ran Juma'a aka ce yana gona. Na same shi ya rame ƙwarai, yana jan ƙayar magarya da sanda mai baki biyu. A kowane kututture ya zaɓi toho ɗaya miƙaƙƙe ya datse sauran, yana kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Na gaishe shi ya amsa, na ɗauki gatari na shiga saro masa ƙaya. Muka yi ta aiki, yana yi yana hutawa. Da muka zo kan wani toho da ya kai masa gwiwa sai ya tsaya, ya dafa sandarsa, ya yi tambaya kamar da iska yake.

“Wai su a makarantar tasu, an gaya musu shekara nawa irin wannan yake yi kafin mutum ya zauna a inuwarsa?”

Na so in rage masa shekarun. Na dubi hannunsa a kan sandar, duk ƙashi, na ga bayan babbar gaskiyar da na gaya masa ba zan iya yi masa ƙaramar ƙarya ba.

“Tunda saiwar tsohuwa ce zai yi sauri, Baba. Amma sai ya haura goma.”

Ya gyaɗa kai. Ya ɗan jima yana kallon tohon.

“To, ba tawa ba ce ke nan,” in ji shi. “A miƙo ƙayar can.”

Na miƙa masa.